Mma Amamata Ta Raba Kwanukanta

Kafin masu rumfuna su gama jera tumatir a kasuwar Woolwich da ke London, Mma Amamata ta riga ta goge ɗakinta, ta jera ƙananan kujeru a jikin bango, ta sauke tukunyar koko don ya huce. Flat ɗinta yana hawa na biyu a wani dogon gini mai kallon kogi. Da safe za ka ji iyaye suna hawa matakala suna haki, jaka a kafaɗa, yaro a hannu, hankali a tashar jirgin ƙasa. Ita kuwa tana bakin ƙofa, zani a ƙugu, rigar sanyi a sama. Ba ta karɓar yaro daga hannun uwarsa kamar ƙunshin kaya. Durƙusawa take yi, da gwiwoyin nan nata da suka gaji, ta daidaita fuskarta da tasa, ta jira ya gaishe ta. In ya ce "Good morning," ta amsa masa, sannan ta ce, "To, saura ta gida." Sai ya ce, "Ina kwana, Mma." Daga nan ya zauna ya cire takalminsa da kansa, komai daɗewar da zai yi. Uwar da ta sunkuya za ta taya shi saboda sauri, abin da za ta ji shi ne, "Je ki kama jirginki. Takalmi aikinsa ne."

Sana'arta ke nan shekara ashirin da wani abu: rainon 'ya'yan mutane, daga mai rarrafe zuwa wanda ya isa shiga makaranta. Tana da takardun izini, masu dubawa suna zuwa su duba su tafi. Yara kaɗan ne a hannunta a lokaci guda, amma in aka tara waɗanda suka bi ta ɗakin nan, za su cika masallacinmu har su yi sahu a waje. 'Yata Humaira tana cikinsu.

A ƙarshen watan nan Mma Amamata za ta rufe ƙofar, ta koma zangon Kumasi inda ta fito. Ba hutu za ta je yi ba, ko da yake jikinta ya daɗe yana nema. Tana da 'ya a can mai suna Fausia, wadda ta bari a hannun mahaifiyarta tana 'yar shekara uku. Fausia yanzu ta haifi tata 'yar, Rashidatu, wadda ta kusa shiga makaranta ba ta san kakarta ba sai a waya. Burin da ya rage wa Mma a duniya ke nan: ta riski yarinyar nan tun tana ƙarama, ta kuma ga ko uwar yarinyar za ta buɗe mata ƙofa. Ta yi mini izinin faɗin wannan. Da ƙyar muka sake ta, mu iyayen London, kuma zan faɗi yadda aka yi ba rufa-rufa.

Amma bari in fara da aikin.

A ɗakin Mma ba a kunna talabijin. Kayan wasan kanti ma ba su da yawa. Manyan yaran suna zama a gaban faranti su tsince wake, su ware mai ƙwari daga mai kyau, suna ƙirgawa da Hausa. Na tsakiya suna haɗa safa da 'yar'uwarta, suna ninke tawul, suna ba tukunyar na'a-na'a ruwa a bakin taga. Ƙananan suna cuɗa ƙullu suna ɓata fuska da gari. In rana ta leƙo, ta sa musu riguna masu ƙyalli, kowa ya kama igiya, su gangara bakin kogi kallon jirgin fito. A ɗakin nan suka koyi zama a kan fo, da tsarki, da cin abinci da dama, da jan zif ɗin rigar sanyi. Takan ce yaron da ya iya zuba ruwa a kofi bai zubar ba, hannunsa ya isa riƙe fensir. Na ji iyaye suna alfahari ɗansu ɗan shekara uku ya iya buɗe waya ya nemo wasan da yake so. Wannan ba ci gaba ba ne. Biri ma in ka ba shi zai danna. Ka nuna mini ɗan shekara uku da zai ɗebo wa ƙaninsa ruwa ba a sa shi ba, sannan mu yi magana.

Akwai wani abu da ta ɓoye mana shekara da shekaru. Yaron da ke wuni a hannun mai raino, yawanci a gabanta yake fara taka ƙafa, a gabanta yake fara kiran sunan abu. Mma ba ta taɓa gaya wa uwa cewa ɗanta ya yi tafiya yau ba. Abin da take cewa da yamma shi ne, "Ku sa ido a ƙarshen makon nan, ya kusa." Sai uwa ta koma gida ta zuba ido, ran Asabar yaro ya saki kujera ya tako, a yi ta ihu ana ɗaukar hoto ana aika wa dangi a Kano da Tamale. Ran Litinin a zo a ba Mma labari, ta tafa hannu kamar yau ta fara ji. Mai ɗakina sai da Humaira ta shiga jami'a ta gano haka. Wata maƙwabciyar Mma ce ta yi suɓul da baka, ta ce ai ta tuna ranar Larabar da Humaira ta fara tafiya daga kujera zuwa firji. Mu kuwa Asabar muka sani. Mai ɗakina ta je ta tambaye ta dalili. Mma ta ce, "Takun farko na uwa ne. Ni ranar da tawa 'yar ta fara zuwa makaranta, a kaset aka ba ni labari. Na san yadda yake."

Mma, ke ce wadda kika ga abin da iyaye suka fi so su gani, kika yi shiru, kika miƙa musu kamar su suka tsinta. Ban san kyautar da ta fi wannan ba.

Sai kuma kwanon Juma'a, wanda duk yaron da ya bi ta hannunta zai ba ka labarinsa. A makarantun ƙasar nan an hana yara musayar abinci, kowane akwatin abinci da sunan mai shi a jiki, saboda wani abincin yana iya kashe wani yaron. Ba na musun wannan, Mma ma tana kiyayewa fiye da kowa. Amma yaron da aka yi ta gaya wa "naka ne, kada ka ba kowa" tun yana goye, a ina zai koyi buɗe hannu? Mu da muka tashi a gida, aike ne ya koya mana. Ana sauke tukunya za a ce ɗauki wannan ka kai gidan wane, kana tafe ƙamshi yana dukan hancinka, ka miƙa ka juyo.

Mma ta zo da wannan al'adar cikin jakarta. Tana da kwanukan samira masu murfi, masu zanen furanni, waɗanda mahaifiyarta ta haɗa mata lokacin aurenta. Kowace Juma'a takan dafa shinkafa da wake irin na Ghana, wanda suke kira wace, ta zuba a kwano ɗaya ta bar shi ya huce, ta zaɓi yaron da zai kai wa wani maƙwabci a ginin. Da hannu biyu ake ɗauka. Yaro ne zai ƙwanƙwasa, shi zai yi gaisuwa, shi zai ce, "Mma ta ce a kawo maka." Ita tana tsaye daga nesa da sauran yaran. In aka ba shi tukuici ba zai buɗe a hanya ba. Zai kawo ɗaki ya raba wa kowa, shi ne na ƙarshen ɗauka. Kwanon kuma yakan dawo ran Asabar ko Lahadi a wanke, wani lokaci da lemo ko biskit a ciki.

Wanda ya fi kowa cin kwanon nan shi ne Baba Katung, dattijo Kirista daga kudancin Kaduna, tsohon direban bas, wanda matarsa ta rasu ya rage shi kaɗai a hawa na uku. Shi ya ba ni labarin Affan. Affan ɗan Dokta Zinatu ne, likita a babban asibitin Camberwell, kuma a lokacin kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "mine." Ranar da aka fara aikensa, ya kai kwanon lafiya lau, ya yi gaisuwa, amma da Baba Katung ya kama gefen kwanon, yaro ya ƙi saki.

Baba Katung ya ce, "A'a, yau sarkin rowa aka aiko mini? Abokina, kawo mini aka ce ka yi ko nuna mini?"

Affan ya ce, "It's mine."

"Naka ne? Kai ka dafa?"

Yaro ya ƙara ƙanƙame kwano. Baba Katung ya leƙa wajen Mma, ta kau da kai tana kallon bango kamar ba ta san su ba. Suka tsaya a haka, tsoho da yaro, kowa da gefensa.

Can Baba Katung ya ce, "To shi ke nan, riƙe kwanon. Ni kuma in sauka in ɗauke Mma, ta dawo nan ta riƙa dafa mini ni kaɗai."

Nan take Affan ya saki kwano, ya ruga ya kama zanin Mma. Baba Katung ya ce dariya ta kusa sa shi ɓarar da abincin. Mma ba ta yi wa yaron faɗa ba, ba ta kuma yabe shi ba. Juma'ar da ta biyo baya shi ta sake aika, da wadda ta biyo bayanta. Kafin sanyi ya wuce, Affan ne mai tuna mata cewa Baba bai ci ba.

Wannan ita ce matar da muka riƙe. Yanzu ga yadda muka riƙe ta.

Ta zo ƙasar nan da niyyar shekara biyu. Takardun zama suka ƙi fitowa, shekara biyu ta zama goma sha wani abu, ba ta da halin fita ta dawo. Ranar da ta samu ta je gida, mahaifiyarta ta tsufa, Fausia ta zama budurwa. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi, ta kira ta Anti. Tun daga nan takan je ta yi 'yan makonni ta dawo, don yara suna jiranta a Woolwich. Da aka haifi Rashidatu ta je suna, ta ɗauki jaririyar, ta yi wa Fausia alkawarin cewa wannan karon za ta tattara ta dawo gaba ɗaya, wannan yarinyar a hannunta za ta yi tafiya.

Da labari ya iso kunnen iyaye, sai muka yi abin da muka iya. Aka tura manya. Alhaji Lawal, dattijon masallacinmu, mutumin kirki wanda ba a kai masa kuka ya ƙi tashi, ya ɗauki dattawa biyu suka je suka zauna a kan ƙananan kujerun nan. Ya ce, "Mma, ba hana ki tafiya muka zo yi ba. Shekara ɗaya kawai, yaran nan su shiga makaranta. Ki dubi Allah ki dubi iyayensu." Mma ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Alhaji, na ji." Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san macen da aka yi wa tarbiyya irin tata ba za ta dubi idon dattijo ta ce a'a ba. Mun san haka, shi ya sa muka tura su. Baturiya mai raino in za ta daina aiki, saƙo take aikowa ta ce daga wata kaza ta rufe, kowa ya nemi mafita, ba mai tura mata limami. Tamu kuwa muka ɗaure ta da kunyarta. Shekara ta zagayo, waɗancan yaran suka shiga makaranta, an riga an kawo ƙannensu, aka sake tura manya. Rashidatu ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta yi baki, duk a cikin waya.

Bana da azumi Fausia ta kira ta. Mma ta maimaita mini maganar kamar yadda aka faɗa mata. Fausia ta ce, "In ba za ki zo ba, ki faɗa. Na gaji da gaya wa yarinya kakarta tana zuwa. Ni haka aka yi ta gaya mini har na daina tambaya. Ba zan bari ita ma ta tsaya a ƙofa ba. In ta shiga makaranta ba ki zo ba, zan daina kawo sunanki."

Bayan sallah Mma ta sanar da iyaye za ta tafi. Ba mu ji kunya ba, aka sake tura Alhaji Lawal. Ta sake sunkuyar da kai ta ce ta ji.

Juma'ar da ta biyo baya, wata yarinya ta kai wa Baba Katung kwano kamar kullum, amma saƙon ya ƙaru. Ta ce, "Mma ta ce a kawo maka. Ta ce ka riƙe kwanon, kada ka mayar." Baba Katung ya karɓi kwanon. Ko abincin bai buɗe ba ya sauko da sandarsa.

Ya ce, "Amamata, a garinmu in mace ta fara raba kwanukan aurenta, ɗayan biyu ne, ko tafiya ko mutuwa. Wanne ne?"

Ta yi dariya ta ce, "Tafiya ce, Baba."

"To Allah ya kiyaye hanya. Da ma na ce mutanen nan sun cika son kai. Amma wa zai riƙa kawo mini wace?"

Daga ranar, duk yaron da aka zo ɗauka ran Juma'a, da kwano a hannunsa yake fita, da saƙo iri ɗaya. Har gidan Alhaji Lawal aka aika da babban cikinsu. Matarsa ta buɗe, ta ji saƙon, ta ce masa, "Alhaji, an ba ka amsarka." Bai sake zuwa ba. Mma ba ta ce wa dattijo a'a ba, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Kantar kicin ɗinta ce kawai take ta yin fili, kowa yana gani.

Kwano ɗaya ne ya dawo, na Dokta Zinatu.

Kada kowa ya zagi Zinatu. Mijinta yana aiki a Abuja, ba ta da uwa ko ƙanwa a ƙasar nan, aikinta kuma ba ya sanin safe ko yamma. Affan sai baɗi zai shiga makaranta. Tun yana jariri ta sa Mma ta yi mata alkawarin riƙe shi har ranar, Mma kuma ta yi. Ran Litinin ta zo da kwanon a jaka.

Ta ce, "Mma, ga kwanonki, na wanke."

"Ai na ce ki riƙe."

"Ina da kwanuka, Mma. Ke ce ba ni da biyunki. Na yi booking a nursery uku, duk sun ce babu wuri sai an jira. Kin yi mini alkawari."

"Na yi."

"To."

Mma ta karɓi kwanon ta mayar kan kantar kicin. Juma'a ta sake cika shi ta ba Affan, Litinin ya sake dawowa a wanke. Mai ɗakina ta je ta same ta ta ce ta yi tafiyarta kawai, kowa ya ji da ɗansa. Mma ta girgiza kai, ta ce da irin Hausarsu ta zango, "In Dokta bai karɓi kwanon ba, ba ni tafiya. Alkawari ne. Na karya na Fausia, ba ni ƙara karya wani." Mai ɗakina ta dawo gida ranta a ɓace. Ta ce matar nan za ta rasa jikarta a kan kwano ɗaya. Lokacin buɗe makarantu a Ghana kuwa yana ta matsowa.

Abin da ya faru bayan nan, Zinatu ce da kanta ta ba da labarinsa a gaban mata, ta kuma ce in rubuta. Wata rana aka soke mata ganin marasa lafiya a asibiti, ta zo ɗaukar Affan da wuri. Ta tarar sauran yaran suna barcin rana, Mma tana zaune a ƙasa ta jingina waya da kofi, tana magana da Kumasi. Affan yana kan cinyarta, ya kwantar da kai a ƙirjinta yana wasa da bakin mayafinta. A cikin wayar ana ta kiran Rashidatu ta zo ta yi gaisuwa, yarinya ta leƙo ta gudu. Mma tana ta rarrashi, tana rera mata waƙar da take yi wa yaranmu, yarinyar ba ta san waƙar ba. Affan kuwa ya sani, sai ya karɓa.

Zinatu ta ce daga inda take tsaye tana ganin fuskar Fausia a wayar. Fausia ba uwarta take kallo ba. Yaron take kallo, da inda ya sa kansa. Ba ta yi fushi ba, kallo kawai take yi, mace mai shekara kusan talatin tana kallon ɗan wata a cinyar uwarta. Can ta ce, "Wannan ɗan wa ne?" Mma ta ce ɗan Dokta ne. Fausia ta ce, "Ya saba da ke." Sai ta ce ana kiranta, ta kashe.

Zinatu ta ce ba ta san lokacin da ta wuce kicin ba. Kantar babu komai sai kwanon nan ɗaya. Ta ɗauko shi babu abinci a ciki, ta sa a jakar aikinta a gaban Mma. Ta ce, "Mma, na karɓa. Na yafe alkawarin. Ki yafe mini."

Mma ta ce, "Affan fa?"

"Ni na haife shi. Zan san yadda zan yi."

Kuma abin bai zo mata da sauƙi ba, kada a ɗauka labarin daɗi nake bayarwa. Ta rage ranakun aikinta, wani horo da take nema ya wuce ta sai wata shekarar. Mata biyu sun yarda su riƙa karɓar Affan a ranakun da take asibiti. Ashe da ma muna iya yin haka. Ba mu gwada ba ne saboda akwai wadda muke jibga wa.

Mma Amamata, uwar 'ya'yan wasu. Ke ce kika tsaya a ƙofa da safe lokacin da muke gudun kama jirgi. Ke ce kika wanke kashin 'ya'yanmu, kika san wanda ke tsoron injin shara da wanda ba ya barci sai an shafa masa kunne. 'Ya'yanmu da ke amsa mana da Turanci, in sun ga babba suka rusuna, daga wurinki ne. Humaira tana zaune a wani gari yanzu tare da 'yan ƙasashe daban-daban, ta ce har yau ba ta iya sauke tukunya ba ta zuba wa na ɗakin kusa ba. Ba ni na koya mata ba, ina wurin aiki. Mun gode. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya ba gwiwoyinki ƙarfin durƙusawa a gaban jikarki, ya sanyaya zuciyar 'yarki.

Ku kuma iyaye, kwanukan suna gidajenku. Ba don ado aka ba ku ba. Baba Katung yana nan a hawa na uku, kuma a kowane gini da kuke zaune akwai irinsa, baƙi ko fari, mai salla ko mai zuwa coci. Ku zuba, ku rufe, ku ba yaro ya ɗauka da hannu biyu, ku tsaya daga nesa. In ya ƙi saki kada ku doke shi, ku sake aikensa. Sannan duk wanda ke da mai yi masa hidima, mai raino ko mai shara ko mai kula da tsohuwarsa, ya zauna ya tambaye ta wa ta baro a gida. Mun yi shekara ashirin muna ce wa matar nan Mma, mutum nawa ne a cikinmu ya san sunan 'yarta kafin bana? Ranar tafiyarta ku zo ku yi rakiya, amma kada wanda ya zo da roƙo. In ta isa kuma ku bar wayarta ta huta. Ɗanku in ya ƙi cin abinci, ku tambayi uwarku.

Shekaranjiya na je yi mata sallama. Ɗakin ya yi faɗi, an kwashe kujerun. Na ce mata kada ta damu in yarinyar ta guje ta da farko. Ta ce, "Malam, ɗan shekara huɗu in ya ga baƙo ɓuya yake yi bayan uwarsa. Na san wannan, kwana uku zai fito. Ba yarinyar nake tsoro ba. Uwar nake tsoro." Ta ce ta aika wa Fausia ranar saukarta. An karanta saƙon, ba a amsa ba tukuna.

Saboda haka maganata ta ƙarshe taki ce, Fausia, in wani ya kai miki wannan rubutu. Ba ki san ni ba, kuma ba ni da bakin ce miki ki yi haƙuri, don mu ne muka ci rabonki. Duk abin da ya kamata ki samu kina 'yar shekara uku, 'ya'yanmu ne suka samu, suka girma da shi, muka yi ta godiya ba mu tambayi daga hannun wa aka ɗauko ba. Ba mu da abin da za mu biya ki. Ga ta nan mun sako ta, a makare, da furfura da ciwon gwiwa. In kin ga dama ki yi mata faɗa, ki faɗa mata duk abin da kika tara, za ta sunkuyar da kai ta ce ta ji. Amma ki je filin jirgin. Ta saba ita ke tsayawa a ƙofa tana jiran 'ya'yan mutane. Sau ɗaya dai ta fito ta tarar ana jiranta.